Sulhu ko danniya: me ya sa wani zaman sasanci yake kashe rikici, wani kuma yake binne shi da rai?

Shin duk zaman da aka yi musabaha aka shafa fatiha aka watse, sulhu ne? Wannan tambaya ta taso da ƙarfi tun watan Nuwamban 2024, lokacin da gwamnatin Kaduna ta karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba a Birnin Gwari, ta kuma ƙara zafi a 2025 da mutanen wasu ƙananan hukumomin Katsina, irin su Jibiya da Batsari, suka zauna da mutanen daji. Wasu na cewa sulhu alheri ne ko da wa aka yi shi. Wasu na cewa wannan miƙa wuya ne aka sa masa babbar riga.

Gardamar ba a daji ta fara ba. Tana nan a zauren mai unguwa, inda ake ce wa matar da ta yi yaji ta tattara kayanta ta koma ɗakinta ba tare da an tambaye ta abin da ya fito da ita ba. Tana nan a kasuwa, tsakanin ɗan kasuwa da yaronsa, da kuma tsakanin 'yan'uwan da suka shekara biyar ba sa ga maciji saboda gonar gado. A duk waɗannan wurare mutane suna kiran abubuwa biyu mabambanta da suna ɗaya, shi ya sa ake ta musu ba a fahimtar juna.

Mene ne sulhu, me ya raba shi da shari'a?

A shari'a, alƙali ne ke yanke hukunci. Yana sauraron shaidu, ya duba doka, ya ce wane ne da gaskiya, kuma hukuncinsa yana hawa kan mutum ko ya so ko ya ƙi. A sulhu kuwa masu rikicin ne da kansu suke yanke shawara. Mai shiga tsakani ba shi da sandar dukan kowa; aikinsa ya sa su ji juna, ya kai su ga matsayar da kowannensu zai iya zama da ita. Akwai hanya ta uku a tsakiya, inda ɓangarorin biyu suke zaɓar wani mutum da suka yarda da shi, su ce duk abin da ya yanke sun ɗauka. 'Yan kasuwa sun daɗe suna yin haka a gaban shugabannin kasuwarsu.

Kowace hanya da inda ta fi ƙarfi. Kotu tana iya ƙwato wa mutum kuɗinsa, amma da wuya wanda ka kai ƙara ya zo sunan ɗanka. Sulhu yana barin ƙofar zumunci a buɗe, ga sauri, ga arha. Shi ya sa ya fi dacewa da mutanen da dole su ci gaba da zama tare: miji da mata, maƙwabta masu katanga ɗaya, manomi da makiyayin da za su sake haɗuwa a bakin rijiya gobe. Sai dai wannan alherin yana rataye ne a kan sharaɗi guda, wato yardar kowane ɓangare. In aka cire yarda, abin da ya rage hukunci ne wanda ba alƙali ya yanke ba, babu shaidu, babu ɗaukaka ƙara.

Wanda aka ɓata wa yana da ikon ya ce a'a

Nan ne muka fi yin kuskure. A yawancin zaman da ake yi a gidajenmu, dattawa suna duba wanda ya fi sauƙin lanƙwasawa, su ɗora masa haƙuri. Ƙarami ya bai wa babba haƙuri ko shi aka zalunta, mata ta bai wa miji, talaka ya bai wa mai hali. Zaman kashin dankali ke nan, babba a sama, ƙarami a ƙasa yana nishi. Ana tashi kowa ya ce an sasanta, alhali wanda aka danne ya tafi gida da ciwo biyu: na abin da aka yi masa, da na cewa ba a ma saurare shi ba. Bayan wata uku rikicin ya dawo, sai a ce ai shi ne ba ya yafiya.

Addinin da ake jingina wannan ɗabi'a da shi bai koyar da ita ba. Lokacin da aka 'yanta Barira, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu, shi kuwa yana bin ta a titunan Madina yana kuka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi ta koma masa. Ta tambaya ko umarni ne. Ya ce ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da buƙatar Mugisu, kuma aka ƙyale ta. Macen da jiya-jiya baiwa ce ta ce a'a ga mafi girman mai shiga tsakani, babu wanda ya kira ta marar kunya. Duk dattijon da zai zauna sasanta aure ya kamata ya riƙe wannan ƙissa.

Ga kuma labarin Ka'abu ɗan Maliku, da ya ɗaga murya a masallaci yana bin Ibnu Abi Hadrad bashi. Annabi ya yi masa nuni da ya yafe rabi, Ka'abu ya amince, nan take aka ce wa wanda ake bi ya tashi ya biya sauran. Mai haƙƙi ya sassauta da son ransa, wanda ake bi kuma bai samu damar ja da lokaci ba. Aya ta 9 a Suratul Hujurat ma da ta yi umarni da a sasanta ƙungiyoyi biyu masu faɗa, ba ta tsaya nan ba: ta ce in ɗaya ta yi zalunci a tsaya mata har ta dawo kan hanya, sannan a sasanta su da adalci. A rikicin aure, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a ɗauko mai sasanci daga dangin miji da wani daga dangin mata, don kada mace ta zauna ita kaɗai a gaban mutanen mijinta. A wajen Kirista, Linjilar Matiyu sura ta 18 ta shimfiɗa matakai: ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu, in bai ji ba ka zo da mutum ɗaya ko biyu, sannan a kai gaban ikilisiya. A can ma ana fara faɗa wa mai laifi laifinsa ne, ba a tsallake shi.

Karin maganar nan ta cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, gaskiya ce a rigingimu da yawa. Amma ba a kowanne ba. Mai sulhun da ya shiga zaure da niyyar raba laifi biyu daidai wa daida kafin ya ji bayani, ya riga ya zalunci wani.

Ina masu sulhun da suka tafi?

A da, rikici yana da tsani. Daga maigida zuwa mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa fada. Makiyaya suna da arɗo, kowace sana'a tana da sarkinta, ga liman a gefe. Har wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, yana rage zafin magana kafin ta kai ga hannu. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya irin wannan wasa na Nijar cikin al'adun duniya da ake tattali.

Ba za a ce wancan tsari ba shi da aibi ba, don an ci zalin talaka a cikinsa sosai, kuma wannan zalunci na daga cikin abin da su Malam Aminu Kano suka yaƙa. Amma abin da ya biyo baya ya bar giɓi. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, wato hukumomin gargajiya da sarakuna ke jagoranta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya cire sarakuna daga gudanar da mulki, dokar filaye ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamna, tsarin mulkin 1999 kuwa bai ba su wani aiki a rubuce ba. Sai ga dagaci ana kai masa ƙara dare da rana, amma ba shi da ikon tabbatar da abin da aka amince a gabansa. Kotu kuma ta yi wa mutumin ƙauye nisa da tsada, ga ɗage zama.

An yi ƙoƙarin cike giɓin. A Kano, hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003 ta zama wurin da ake kai rigingimun aure da na bashi, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa Zauren Sulhu a unguwanni, sannan a 2009 aka buɗe sashen sasanci a ƙarƙashin babbar kotun jihar, bayan irinsa da Legas ta fara a 2002. A watan Mayun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar tarayya ta sasanci, wadda ta ba yarjejeniyar da aka cimma a gaban mai shiga tsakani ƙarfin da kotu za ta iya tilasta cika ta. Mutane ƙalilan ne suka san da wannan.

Abin da ya faru a Yelwa

In ana son ganin yadda ake sulhu tsakanin jama'a bayan an zubar da jini, Yelwa ta ƙaramar hukumar Shendam a jihar Filato ta isa misali. Ranar 24 ga Fabrairun 2004 aka kashe Kiristoci fiye da 75 a garin, da yawansu a harabar coci. Ranakun 2 da 3 ga Mayu aka kewaye garin aka kashe Musulmi, waɗanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta sun kai kusan 700. Kwanaki kaɗan bayan haka ramuwar gayya ta ɓarke a Kano, aka kashe fiye da mutum 200 da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato ranar 18 ga Mayu, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye. Soja sun tsayar da kisa, amma ba su iya mayar da mutane kasuwa ɗaya ba.

Waɗanda suka shiga tsakani su ne Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye daga Kaduna. Su kansu tsofaffin abokan gaba ne. A rikicin 1992 da ya faro daga Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, suka ɗauki shekaru kafin zuciyar kowannensu ta sauka, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. Wannan tarihi shi ne jarinsu. Babu wanda zai dubi mutumin da aka sare wa hannu ya ce masa bai san zafin abin ba.

Ba su fara da taron gangami ba. Sun yi ta zirga-zirga, suna zama da kowane ɓangare shi kaɗai, inda mutum zai iya amayar da abin da ke cikinsa ba tare da abokin gaba na kallonsa ba. Da suka haɗa shugabannin wuri ɗaya a ƙarshen 2004, kwanaki aka yi ana zama, kuma ba a tsaya kan wa'azin zaman lafiya kawai ba. An fito da ainihin ƙorafi. Kiristocin yankin suka ce Musulmin garin ba sa girmama al'adun 'yan ƙasa da sarautar gargajiya ta Long Goemai. Shugabannin Musulmi, maimakon su musanta, suka karɓi ƙorafin suka nemi gafara. Wannan ya karya lagon zaman. Da Musulmi suka kawo nasu kukan, Kiristoci ma suka amsa laifinsu. A watan Fabrairun 2005 dubban mutane suka taru aka tabbatar da yarjejeniyar a bainar jama'a.

Abin lura shi ne, rikicin da duniya ta ɗauka na addini ne zalla, da aka tona sai ga batun sarauta, da fili, da wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. Haka yawancin rigingimu suke. Abin da ake ihu a kansa daban, abin da ke ci wa mutum rai daban. Matar da ta tayar da ƙura kan kuɗin cefane, wataƙila abin da ya dame ta shi ne an wulaƙanta ta a gaban kishiya. Ƙanin da ya kafe sai an sayar da gidan gado, wataƙila tsoronsa kada yayansa ya cinye rabonsa a hankali. Mai sulhun da bai haƙa ya kai nan ba, ganye kawai ya sassabe.

Kuma sa hannu a takarda ba ya wadatarwa. Ashafa da Wuye suna cikin waɗanda suka haɗa sanarwar zaman lafiya ta Kaduna, wadda malamai da fastoci 22 suka sa wa hannu ranar 22 ga Agustan 2002 a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci rayuka fiye da 200 a garin. Manya sun amince a ɗakin taro, amma maganar ba ta riga ta sauka zuwa ga matasan da ke riƙe da adda ba.

Manoma da makiyaya: abin da Nijar ta rubuta a doka

A watan Oktoban 1991 aka kashe mutum fiye da 100 a Toda ta jihar Maraɗi, akasarinsu mata da yaran Fulani, a rikicin da ya samo asali daga ɓarnar gona. A watan Maris na 1993 Nijar ta fitar da dokar tsarin karkara, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye, da aka fi sani da Kofo. Dokar ta wajabta a fara kai rikicin fili gaban sarakunan gargajiya don sasanci kafin a je kotu, kuma a rubuta sakamakon zaman, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Ana shata burtali da makiyaya da mashaya, hukuma kuma tana sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara, don makiyayi ya san lokacin da zai sauko, manomi ya san lokacin da zai kwashe amfaninsa.

Rikici bai ƙare a Nijar ba, kuma akwai kwamitocin da suke a takarda kawai saboda rashin kuɗin aiki. Duk da haka tsarin ya gane abin da ake yawan mantawa a Najeriya, inda dokar wuraren kiwo ta Arewa ta 1965 ta zama tarihi, aka nome burtali aka gina gidaje a mashaya. Ba za ka sasanta mutum biyu a kan iyakar da babu wanda ya san inda take ba.

To, sulhu da 'yan bindiga fa?

Masu goyon baya suna da hujja mai nauyi. Shekara fiye da goma ana ruwan wuta, daji bai mutu ba. Mutumin da ya shekara uku bai taka gonarsa ba, ko wanda ya sayar da shanunsa ya fanshi 'yarsa, ba ya buƙatar lacca daga mazaunin birni. Bayan zaman Birnin Gwari an buɗe kasuwar shanu, motoci sun koma bin hanyar Kaduna, kuma gwamnatin jihar ta ce ba ta biya ko sisi ba. Sannan rikicin yana da tushe da aka sani: satar shanu, kisan gillar da 'yan sa-kai suka yi wa Fulani a kasuwanni, tatsar makiyaya a ofisoshin 'yan sanda da kotuna, cinye wuraren kiwo. Kwamitin da tsohon sufeto janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta a Zamfara a 2019 ya zargi har da wasu sarakuna da hakimai da hannu a lamarin.

Masu adawa kuma tarihi na bayansu. Sulhun da gwamnatin Abdul'aziz Yari ta Zamfara ta yi da jagoran 'yan bindiga Buharin Daji a ƙarshen 2016 ya wargaje. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya gwada har sau biyu, a 2020 ya ce ya daina domin an ci amanarsa. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a Disamban 2020, ya yi rantsuwar tuba a Gusau a Fabrairun 2021, ya koma daji a watan Afrilu, aka kashe shi a can. Kowane zagaye ya koya wa matasa cewa bindiga ce ke sa gwamna ya zauna da kai.

A ganina tambayar a yi ko kada a yi ba ita ce ta fi muhimmanci ba, domin kusan duk yaƙi a kan tabarma yake ƙarewa. Abin tambaya shi ne wane iri. Ƙauyen da ya je zama da mutanen da suka zo da bindigogi a kafaɗa, ya amince zai biya kuɗin noma ko ya yi musu aikin gona, ba sulhu ya yi ba. Ya sayi numfashi ne, kuma babu mai zarginsa, laifin na hukumar da ta bar shi ne. Amma kada a kira shi da sunan da ba nasa ba. Su wa suka zauna a madadin matan da aka kashe wa maza? Makamai nawa aka ajiye, wa ya ƙirga? An sako waɗanda ke tsare? Makiyayin da bai taɓa ɗaukar bindiga ba, an buɗe masa burtali da kasuwa, ko sai wanda ya yi kisa ne ake saurara? In wani ɓangare ya karya alkawari, wa zai hukunta shi? Sannan sulhun da aka yi a ƙaramar hukuma ɗaya yakan tura ɓarnar zuwa maƙwabciyarta, matuƙar jihohin ba su haɗa kai ba.

Inda sulhu ba ya shiga, da abin da talaka zai kiyaye

Akwai hadisin da ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Wannan iyaka ce da ake ƙetarewa kullum. An yi wa yarinya fyaɗe, sai manyan unguwa su taru a ba iyayenta 'yan kuɗi don a rufa asiri. Asirin wa? Wanda ya aikata ya koma cikin yaran unguwa, yarinyar kuma ba a ko kai ta asibiti ba. Haka matar da ake yi wa dukan da ke kai ta gadon jinya. Mayar da ita ba tare da wani sharaɗi ba, jefa rai ne cikin haɗari. Irin waɗannan na hukuma ne. Ko a shari'ar kisa, inda Musulunci ya buɗe ƙofar yafiya da diyya, magada ne suke da wannan zaɓi, kuma bayan an tabbatar da wanda ya yi laifin.

A sauran rigingimu na yau da kullum, na bashi da iyaka da gado da zaman aure, sulhu ya fi wa mai ƙaramin ƙarfi sauƙi nesa ba kusa ba, in ya san haƙƙinsa. Yana da damar ya ƙi mai shiga tsakanin da yake ci a hannun abokin rikicinsa. Yana da damar ya zo da nasa mutum, ya nemi a saurare shi shi kaɗai tukuna, ya ce a ba shi kwana biyu ya yi shawara kafin ya amsa. A rikicin gado, gara a fara kiran malamin da ya san rabo ya faɗa wa kowa kasonsa, musamman mata da marayu, sannan wanda ya ga dama ya yafe abin da ya san nasa ne. Abin da aka amince kuma a rubuta shi: nawa za a biya, a wace rana, a hannun wa, iyaka daga wace bishiya zuwa wane dutse, da sa hannun shaidu daga kowane ɓangare, kowa ya riƙe kwafinsa. A sa ranar da za a sake zama a duba ko an cika. In ba a cika ba, ƙofar kotu tana nan a buɗe, kuma wannan takarda ce za a fara nema a can.